Ƙwayar da Asger Ya Ɓoye a Kunci

Tun ranar da ya fito daga kantin nan rungume da ƙaton kwali, Asger Kjeldgaard bai sake samun kwanciyar hankali ba. Kuma ba wanda ya jawo masa, da ƙafarsa ya je.

A ƙarshen Nuwamba ne, makon da kantunan garinsu Svendborg suke haukacewa da ragi, jama'a na kwasar kaya kamar an ce gobe za a rufe kasuwa har abada. Asger ba mutumin ɓarnar kuɗi ba ne. Aikinsa jera motoci a cikin jirgin fito mai zuwa tsibirin Ærø, rigar sanyinsa ta girmi 'yarsa, kuma duk shekara sai ya ishi abokan aikinsa da wa'azi a kan masu sayen abin da ba sa bukata don su burge waɗanda ba su roƙa ba. To, bana sai ga mai wa'azi a layi. Ya ga sabuwar na'urar wasan bidiyo an zaftare mata kuɗi, mai kanti kuma ya ce in ya kawo tsohuwar za a ƙara rage masa. Ya ruga gida, ya zaro ta daga ƙarƙashin talabijin, ya goge mata ƙura da hannun riga, ya kai. Ko waiwayarta bai yi ba.

Duk saboda Thyra ya yi, 'yarsa tilo.

Tana shekara takwas suka fara wani wasan tsibiri a na'urar, lokacin suna gida ɗaya da mahaifiyarta Maiken. Wasa ne na mutum biyu da jirginsu ya nutse, teku ta watso su gaɓa. Za su sare itace, su yi gida, su yi noma, sannu a hankali su hau dutse har su kai ga hasumiyar da ke can ƙololuwa, su kunna fitilarta, jirgi ya hango ya zo ya kwashe su. Shi ke nan, wasa ya ƙare. Wasu a wata biyu suke gamawa. Su kuwa ba su taɓa sauri ba, don Thyra gini ta fi so. Ta yi gida mai karkataccen rufi, ta jera gadaje uku a ciki, ta kama wata akuya ta raɗa mata suna Fru Madsen, sunan malamar lissafinsu.

Da aure ya mutu, Maiken ta koma can birnin Aalborg mai nisa da yarinyar, sai wasan ya zama na ranar Laraba da yamma, shi a nan, ita a can, kowa da abin magana a kunne. Yanzu Thyra ta kai sha huɗu. In ya kira ta a waya, amsarta ba ta wuce "lafiya lau" da "ba komai", har ya rasa abin cewa ya fara tambayarta ko ana ruwa a garinsu. Amma in suna saran itace a tsibiri, sai bakinta ya buɗe da kansa. A can ya ji labarin ƙawar da ta juya mata baya, a can ya ji sunan yaron da ba ta so a ambata. Asger ya san wannan sarai, kuma yana tsoron ranar da zai rasa shi.

Daren shiga wannan shekarar, da kowa ya hau kujera don ya diro cikin sabuwar shekara kamar yadda al'adarsu take, shi ne ya ɗaga murya ya faɗi burinsa. Wasu sun ce za su rage tumbi, wasu za su bar taba. Shi ya ce bana sai sun kunna fitilar nan. Ya ɗauka abin da zai faranta mata ke nan.

Sai dai shekara ta yi ta tafiya, suna maƙale a wuri ɗaya. Kafin hasumiyar akwai wata gadar igiya, dole su ƙetare tare. Duk Laraba in sun zo tsakiya, sai Thyra ta faɗa. Thyra fa, wadda ta fi shi iya wasan nesa ba kusa ba! Ta ce, "Kash, yi haƙuri, Baba," su koma gida su ba akuya ciyawa. Asger ya yi ta juya abin a ransa. Ko dai ta gaji da wasan, hankalinta na wani wuri, ko kuma tsohuwar na'urar ce ke sarƙewa, don ta fara gurnani kamar injin niƙa. Na biyun ya fi masa sauƙin haɗiya, shi ya sa ya tafi kanti.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Sabuwar ta ce sai ta sabunta kanta, ta cinye masa yini guda. Ta nemi kalmar sirri, ya sa duk waɗanda ya sani, ta ce ƙarya yake. Ta ce ta tura lamba zuwa wayarsa, alhali layin da ya yar tun shekaru ta tura wa. Da ƙyar da jiɓin goshi ya shiga. Ya buɗe wasan yana murmushi, sai ga teku, ga yashi, ga mutum biyu kwance a gaɓa cikin tsumma. Babu gida. Babu akuya.

Can ya tuna: da bazara ya soke biyan kuɗin wata-wata na ma'ajiyar kamfanin ta intanet, har yana yi wa kansa kirari ya toshe wata kafar ɓarna. Tun daga lokacin tsibirin bai da wani mazauni a duniya sai cikin tsohuwar na'urar. Ya koma kantin da gudu. Mai kanti ya ce ai duk wadda aka kawo a ranar ake wanke mata ciki tas, doka ce, kuma ma an riga an sayar. Ya nemi kamfanin, suka haɗa shi da wani mutum-mutumin amsa tambaya, wanda ya yi ta ce masa ya fahimci damuwarsa, ko ya gwada kashewa ya kunna? Asger bai taɓa zagin abin da ba shi da rai ba sai ranar.

Larabar farko ya ce mata an sauya masa aiki. Ta biyu ya ce intanet ɗinsa ya lalace. Ta uku bai ma ƙirƙiri komai ba, ita ta rubuto, "Ba komai, Baba, ai ina zuwa." Bana shekararsa ce, Kirsimeti a wurinsa za ta yi.

Ya tarbe ta a tasha. Ta ƙara tsawo, ta rina gefen gashinta kore. Da suka shiga gida ta ga sabuwar na'urar, ta zaro ido.

"Tabɗi! Baba, kai ne da wannan? Waye ya mutu ya bar maka gado?"

"Ragi aka yi," ya ce, ya yi maza ya ɗauke jakarta. "Yanzu dai a gajiye kike. Gobe kuma muna gidan Kaka."

Jajibirin Kirsimeti tun ƙarfe huɗu gari ya yi duhu. Gidan mahaifiyarsa Gunvor ya cika da ƙamshin gasasshiyar agwagwa da dankali mai sukari. Ƙaninta Ejvind ya riga ya zauna a bakin tebur ya kwance bel, wai shirin yaƙi yake. Asger na tauna abinci amma bai san me yake ci ba, don ya san abin da ke biye: shinkafar madara, da ƙwayar almon, mai kama da babbar gyaɗa.

A kowane gida a ƙasar haka ake yi a wannan dare. A daddatsa almon a zuba cikin shinkafar, a bar ƙwaya ɗaya tak ba a fasa ba. Wanda ya tsince ta a cokalinsa ya ɓoye a kunci ya yi gum, ya bar sauran su yi ta ɗura har kwano ya ƙare, sannan ya fito da ita ya karɓi kyautar alawa mai siffar ɗan alade. Sai dai gidan Gunvor akwai ƙari: mai ƙwaya shi ke zaɓar abin da za a yi bayan an yi rawar zagaya bishiyar Kirsimeti an buɗe kyaututtuka. Kuma akwai abin da kowa ya sani ba a faɗa. Gunvor a kicin take zuba wa kowa kwanon farko, kuma duk shekarar da jikarta ke nan, ƙwayar ba ta taɓa ɓatan hanya ba. Abin da Thyra ke zaɓa ma ba ya sauyawa: a koma gida, ita da Baba, tsibiri.

Ya bi mahaifiyarsa kicin, wai zai taya ta ɗauka.

"Inna, yarinyar nan fa ta girma. Bana a bar sa'a ta yi aikinta mana."

Gunvor ta dube shi ta saman tabarau. "Wace sa'a? Ni ban san abin da kake faɗa ba." Tana magana tana danna ƙwayar da ɗan yatsa cikin kwanon da ke gefen hagu, ta shafe saman da bayan cokali. "Ɗauki tire ka wuce, kar ka zubar min."

Tsakanin kicin da tebur taku kaɗan ne, amma ya ishi mutum ya yi abin kunya. Asger ya ajiye kwanon hagu a gabansa, ya miƙa wa 'yarsa na dama. Dabararsa ita ce ya ci ƙwayar, ya ce ya zaɓi a yi karta da Kawu Ejvind, gobe a je bakin teku, jibi a san ƙaryar da za a yi, har ta hau jirgi ta koma. A cokali na uku ya ji ta a haƙori. Ya tura ta kunci da harshe.

Thyra kuwa ci take a hankali, tana bin kowane cokali da harshe, fuskarta a sake irin ta wanda ya san sakamako. Ta kai ƙasan kwano. Ta ɗan kankare gefe. Ta ɗago ta dubi kakarta.

"Tsohuwa, hannunki ya fara rawa ne?"

"Ke dai ci, ƙawata," in ji Gunvor, amma idonta ya riga ya sauka a kan ɗanta.

"Yauwa!" Ejvind ya buga tebur. "Bana an yi adalci a gidan nan. Tun ina da gashi rabona da aladen nan. Miƙo babban kwano!"

Thyra ta riga shi. Ta zuba na biyu, ta malala jan romon 'ya'yan itacen ceri a kai. Wannan yarinyar da ɗazu ta ce ta ƙoshi tun a agwagwa, wadda ta ce rawar zagaya bishiya abin yara ne, ita ce ke tona shinkafa da cokali kamar mai neman ɗan kunne a yashi. Ta gama, ta zuba na uku. Asger na kallonta tana haɗiya da ƙyar. Ƙwayar ta yi masa nauyi a baki, miyau ya taru, ya kasa haɗiyewa. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Mutum mai shekara arba'in da wani abu, ya sace wa 'yarsa ƙwayar almon a gidan uwarsa!

"Kawu, buɗe baki mu gani," in ji Thyra. "Na ga kuncinka ya kumbura."

"Haka Allah ya yi shi, 'yar nan. Binciki ubanki, tun ɗazu bai ce uffan ba."

Ta juyo tana dariya. Asger ya sa yatsu biyu ya fito da ƙwayar, ya ajiye a gefen faranti.

Ejvind ya yi shewa. Gunvor ta tura masa ɗan aladen da jan zare a wuya, ta harɗe hannu. Thyra ta yi ƙoƙarin murmushi.

"To, ranka ya daɗe, me za a yi?"

Karta na kan harshensa. Sai ya ji bakinsa na faɗin wani abu dabam.

"Kwanonki ne wannan, Thyra. Ni na musanya." Ya ja numfashi. "Tsibirin babu shi. Na ba da tsohuwar na'urar a kanti, ban san a cikinta kaɗai yake ba. An goge. Na bi duk inda zan bi. Larabobin nan ma ba aiki ba ne, ba intanet ba ne, tsoron gaya miki nake."

Har Ejvind ya ajiye cokali.

"Gidan fa?" ta ce.

"Har gidan."

"Da gadajen?"

Ya gyaɗa kai. Ta ture kujera ta fita. Suka ji ƙarar ƙofar baya.

"Ka ga irinta ko," in ji Gunvor a hankali. "Ɗauki rigarta ka bi ta, sakarai. Ba ta sa kayan sanyi ba."

Ya same ta zaune a kan matakala, ta haɗa kai da gwiwa. Ya yafa mata rigar, ya zauna a gefe, sanyin siminti na ratsa masa wando. Ta yi kuka mai isarta. Bai hana ta ba, ba shi da bakin hanawa.

"A nan kaɗai ya rage muna gida ɗaya," ta ce daga baya, murya a dishe. "Ni da kai da Mama. Na san shirme ne. Amma nakan shiga ɗakin in tsaya in kalli gadajen."

"Ba shirme ba ne."

"Me ya kai ka ma? Kai da ko safa ba ka saya sai ta huje?"

"Gadar nan," ya ce. "Na ga kullum kina faɗawa. Na ce ko na'urar ce ke cutarki. In kuwa ba ita ba ce, to kin gaji da wasan ke nan, kin gaji da..." Bai ƙarasa ba. "Na so mu gama kafin ki ce kin daina."

Ta ɗago ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. Ta share hanci da hannun rigar.

"Baba, kai fa wani lokacin ba ka da wayo ko kaɗan. Gadar nan ido rufe zan ƙetare ta. Da gangan nake faɗawa."

"Da gangan?"

"To in mun kunna fitilar jirgi ya zo, sai me? Me za mu riƙa yi ranar Laraba? Ka kira ni ka tambaye ni ko ana ruwa?"

Sai yanzu Asger ya gane. Shekara guda yana jan ta zuwa ƙarshen abin da take riƙewa da hannu biyu, yana ganin alheri yake mata.

"To me ya sa kika nace wa ƙwayar yau?"

"Don na ga ka damu da burin nan naka," ta ce. "Shekara ta kusa ƙarewa. Na ce to, yau zan ƙetare in bar ka ka kunna. Kyautarka ke nan. Abin da na naɗe maka a ƙarƙashin bishiya safa ce kawai."

Nan idonsa ya cika da ƙwalla. Ya jawo ta jikinsa, ba ta ture shi ba. Daga ciki suka ji Ejvind na tambaya ko in ba mai son aladen a ba shi, Gunvor na ce masa ya rufe baki.

Washegari da hantsi suka zauna gaban talabijin ɗinsa, kowa cikin kayan barci, shi da sabuwar safa a ƙafa. Na'urar ta ce sai ta sake sabunta kanta. Asger ya ɗaga hannu zai fara masifa, sai ya fasa. Ya ɗauko ɗan aladen ya karya biyu, ya ba ta ɓangaren kai. Suna ci tana ba shi labarin yadda Maiken ta kusa suma da ta ga koren gashin. Bai lura da lokacin da na'urar ta gama ba, ita ta nuna masa.

Teku ta watso su gaɓa cikin tsumma. Thyra ta daɗe tana kallon filin da gidan yake a da, ba ta motsa ba. Bai ce mata za su gina wanda ya fi shi ba, don ya san ƙarya ne.

"In mun kama akuya," ta ce, "Ejvind za a sa mata."

Abu na farko a wasan wani ɗan rafi ne da gungumen itace a kai. Tana shekara takwas ta kasa ƙetare shi, har ta yi jifa da hannun da ake sarrafa wasan da shi, shi ya karɓa ya ƙetarar da ita. Yau ta wuce a guje ko tsayawa ba ta yi ba, ta juyo tana jiransa a ɗaya gefen. Asger ya hau gungumen, ya yi taku biyu, ya kai tsakiya. Sai ga shi tsundum a ruwa.

Ta juyo ta harare shi ta gefen ido.

"Baba."

"Hannun nan ne sabo," ya ce, idonsa na kan talabijin. "Ban saba da shi ba. Zai ɗauke ni lokaci."

Ta danne dariya da leɓe. Sannan ta dawo da tata 'yar mutuniyar ta cikin wasan baya ta kan gungumen, ta tsaya kusa da shi a bakin rafin.

"Ba komai," ta ce. "In bai yiwu yau ba, akwai Laraba."